Tsingaro Mai Lamba Sha Bakwai

Ajinmu na ƙarshen baranda, dab da tankin ruwa,
a kwalejin share fage ta garin Yelwa.
Mu tara ne, fanka ɗaya, ita ma sai ta ga dama.
Makin jami'a ne bai kai ba na shigo,
na ce shekara biyu ce, a cije a wuce.

Baba ya tambaye ni abin da ake koya mana.
Na ce, "Tonon ƙasa, da sanin zaman mutane."
Ya ajiye komar da yake ɗinki ya dube ni:
"Gafiya ma tana tono,
ban ji ta biya kuɗin rajista ba."

Malam Manu Zamare ba shi da ɗakin gwaji.
Kwalin taliya gare shi, cike da tsingaro,
kowanne da lambarsa da farin fenti.
Ya ce ƙasa littafi ce da ake karantawa daga baya,
shafin ƙasa ya girmi na sama,
wanda ka buɗe da gaggawa kuma ya yage ke nan.

Da rani ya ja ruwan Kwara baya
muka kafa turaku huɗu a gaɓa, muka ja igiya.
Cokalin magina, rariya, tsohon buroshin haƙori.
Kwana uku ban samu komai ba sai ƙayar kifi
da murfin kwalba,
masu kwalekwale suna wucewa suna mana sannu da hauka.
Ran na huɗu ya fito, baƙi, faɗin tafin jariri,
da zane a wuyansa kamar sawun tsutsa.
Malam ya juya shi, ya ce ƙila tukunyar tsafi ce,
na rubuta haka, da alamar tambaya.

Sai aka ba mu aikin hira da tsoho.
Don ƙyuya na zaɓi kakata Ige,
wadda aka kwaso daga tsibiri tana goyon fari,
shekarar da madatsa ta shanye garinsu.
Na zo da tambayoyi goma a takarda,
ba ta amsa ko ɗaya ba.
Tsingaron ta gani a aljihuna ta miƙo hannu.
Ta sansana shi. Ta yi dariya har da tari.
"Tsafin me? Kaskon banda ne, ɗan nan.
Zanen nan igiyar rama ce, a murɗa, a mirgina
tun yumɓu na ɗanye."
Ta laluba cikinsa, ta sami wani ɗan lotsi,
ta ɗora babban yatsanta, ya zauna daram.
Daga nan ba ta ƙara magana ba.
Ni ma na rufe littafin.

Washegari na kai wa Malam gyara ina ɗar-ɗar.
Ya soke nasa da jan biro,
ya ce in sa sunanta, da ranar, da unguwa.

Yanzu takardar Zariya ta zo,
aji biyu za su ɗauke ni.
An ce can akwai kabad na gilashi
da injin da ke faɗin shekarun gawayi.
Baba ya sayar da injin jirginsa na biyu,
bai sake zancen gafiya ba.

Lamba sha bakwai ya koma kwali,
ba nawa ba ne da zan tafi da shi.
Ige ta rako ni bakin tasha da sandarta,
ta tambaya ko akwai kogi a can.
Na ce akwai ɗan rafi.
Ta ce, "To, ka tambayi tsofaffinsu kafin ka tona,"
ta cusa mini busasshen kifi a jaka,
duk littattafaina suna ƙaurinsa har yau.