Aron Kwana Uku

Likita Ekanem zai koma Kalaba ƙarshen wata.
Ya sayar da firji, ya ba direbansa kujeru,
saura kare.
Ya ce sunan irinsa boksa.
Na dubi fuskar, kamar ta ɗan damben da ya sha kisa
ya ƙi barin fage:
hanci a murtsuke, leɓe a zube,
idanu kuwa na maraƙin da aka sayar da uwarsa.

Haliru ya riga ya durƙusa.
Shekararsa tara, bai roƙe ni komai ba,
ko alawa,
tun ranar da muka kai yayansa makwanci.
Ya ce, "Baba, diba, dariya yaka yi."

Na ce a ba mu aro, kwana uku.

Daren farko Inno ta ɗauke butarta,
ta rataye a ƙusar fitila.
Ta ce mala'ikun rahama sai su tsaya a zaure.
Na ce na gadi ne, malamai sun sassauta,
bara ma an ɗauke mana injin ruwa har da wayarsa.
Ta ce, "Wanga? Ɓarawo na shafa kainai zai bi shi gida."
Ba ta yi ƙarya ba.
Mai gyaran famfo ya shigo da safe,
kare ya tarbe shi kamar alhaji ya sauka.

Luba ba ta yi gardama ba, lissafi ta yi:
ƙashi daga mahauta kullum,
allura, sabulu,
tuwon mutum biyu,
ga yawu a tabarma, yawu a gefen zane,
wa zai wanke?
Ta faɗa tana kallon ɗanta yana gudu a tsakar gida,
sai muryarta ta yi ƙasa.

Rana ta biyu aka ɗauke wuta.
Afrilu ne, Mabera ta zama tanda.
A gidan likita akwai na'urar sanyi,
mu darbejiya ɗaya gare mu.
Kafin azahar ya kwanta, harshe a ƙasa,
ƙirji na bugawa kamar zugazugin maƙeri,
iska na neman hanya a ɗan guntun hancin nan
tana rasawa.
Na tuna karnukan maharba a Wamakko,
dogon baki, siririn ciki,
rana ta san su, sun san ta.
Wannan don wata ƙasa aka ƙera shi.

Haliru ya jiƙa buhu ya lulluɓe shi,
ya yi ta fifita har la'asar, bai ci abinci ba.
Da asuba na ga Inno daga nesa,
ta miƙa hannu iya tsawonsa
tana tsiyaya masa ruwa a kasko.
Ban nuna na gani ba.

Ni ina ta auna ko ya dace da mu.
Yaron ne ya juya sikelin.
"Baba, can Kalaba ana ruwa kullum?"
Na ce haka na ji.
Ya daɗe yana sosa masa bayan kunne.
"To mu mai da shi."

Shi ya riƙe igiyar har ƙofar likita.
Bai yi kuka ba, ni ne na yi ta gyaran murya.

A hanyar dawowa, daidai shagon mai faci,
ya ja hannun rigata.
"Baba, keke nawa ne?"

Ramin da karen ya tona yana nan gindin darbejiya.
Luba tana share gefensa, ba ta cike ba.