Rodin da Na Bari a Sama

Valdirene, 'yata, tunda kin sayi fili
a gangaren Ibura, can inda kwaltar Recife ke ƙarewa,
jawo bulon nan ki zauna.
Shekara goma sha ɗaya na yi ina ɗora gidan nan,
Lahadi bayan Lahadi, da albashin kwandastan bas.

Kada ki kafa turke sai kin ga ruwan Yuni.
Shiga filin da lema, ki tsaya,
ki ga hanyar da ya zaɓa wa kansa.
Ruwa bai iya karanta takardar fili ba.
Inda ya bi bara, nan zai bi baɗi.
Yi masa kwata, ki raka shi har bakin titi.

Harsashi kuwa, tona har shebur ya fara ƙara,
har jar ƙasa ta ce ya isa,
sannan ki ƙara kamu ɗaya.
Ni na tsaya da wuri, bayana na ciwo.
Kin san tsagar nan ta bayan firji?
Sa hannuna ce.
Duk damina sai ta ƙara tsawo,
tare kuka girma.

Josenildo mai tifa zai rantse miki yashinsa na kogi ne.
Ɗebi kaɗan ki ɗora a harshe.
In kin ji gishiri, ya juya da kayansa.
Yashin teku gara ne ga rodi,
daga ciki yake ci, ba ya sallama.

Bokiti ɗaya na siminti, biyu na yashi, uku na tsakuwa.
Ruwa da kaɗan-kaɗan.
Kwaɓi ake yi, ba a dama kunu.
Buhu kuma kada ya kwana a ƙasa,
shimfiɗa masa katako, ki sayi na mako kawai.
Na taɓa wayar gari da duwatsu shida masu tambarin kamfani.

Ido maƙaryaci ne, har nawa.
Cika farar tiyo da ruwa, ki riƙe baki ɗaya,
mijinki ya riƙe ɗayan can ƙarshen bango.
Ko kun yi faɗa da safe, ruwan ba ya bin bayan kowa.

Ranar zuba rufi, kira gayya tun daren Juma'a.
Kankare ba ya son a ce masa sai gobe,
a fara da asuba, a gama a ranar.
Tukunyar baƙin wake ta yi ta tafasa inda kowa zai ji ƙamshi,
amma murfi ba ya tashi
sai bokitin ƙarshe ya hau tsani.
Bayan nan kwana bakwai ki shayar da shi,
safe da yamma, kamar lambu.
Sandunan da suka tokare shi su yi wata cur,
ko da Genival ya zo aro da murmushinsa.

Wayar lantarki, a'a.
Dubi babban yatsana.
Kira Marinalva, ita ta je makarantarsa.

To, ɗaga kai.
Rodi huɗu ɗin can da na kifa wa kwalabe don kada tsatsa ta ci,
na ɗakin mahaifiyarki ne.
Zuleide ta so taga guda a sama,
wai in gari ya yi garau ana hango teku.
Na ce mata baɗi.
Na sake ce mata baɗi.

Ga cokalin ginina, bakinsa ya cinye ta gefen hagu,
hannunki zai saba.
In kin zo rufi, ke ma ki bar rodi a sama.
Sai dai ki gina tagar da wuri.