Yao

A sito na bakwai, bayan tashar jiragen Apapa,
nake yi wa Tsoho Fang tafinta.
Kalmar farko da na tsinta a bakinsa ita ce *yao*.
Yana nuna kwalin batir, na ɗauka "yau" yake nufi,
na ce masa gobe ma rana ce.
Ya yi dariya har tabaransa ya zame:
ashe "ina so" ke nan.

Shekara huɗu ina kiwon kalmar nan
kamar akuyar da ba ta zama a turke.
Da hantsi so ce.
In kwastan sun riƙe kwantena, sai ta murtuke ta koma dole.
Hadari ya taso daga bakin teku,
ya leƙa, ya ce *yao*, wato ruwa zai sauko.
Wani dare muna ƙirga asarar kayan da suka jiƙe,
na ji ya ɗaura mata wutsiya: *yaoshi*.
Idan.

Na ce, Tsoho, ta yaya so ke rikiɗa ya zama idan?
Ya hura shayinsa marar sukari.
Ya ce mai so abin da babu yake kallo,
mai cewa idan shi ma haka.
Hanyar ɗaya ce, na biyun ya daɗe ne a kanta.

Ban amsa ba.
Na hau danfo, muka maƙale a gadar Ijora,
kwandasta na rataye yana kiran unguwanni.
Na tuna ranar da na sauka Agege da jaka ɗaya:
ina so in buɗe shago a Malumfashi.
Bayan shekara: dole in tara jari tukuna.
Sannan: zan dawo kafin damina.
Jiya Ladiyo ta kira, ƙaramarmu ta fara tafiya,
na ji bakina yana cewa, idan kaya sun fito,
idan dala ta sauka,
idan.

Su ƙarnuka kalmarsu ta yi tana wannan tafiya.
Tawa ko furfura ban yi ba.

Kuma mu Hausawa muna da zango na gaba,
wanda ban fassara wa Tsoho Fang ba:
da na sani, wadda aka ce ƙeya ce.
Na shafa tawa. Gumi ne kawai, tukuna.
Motar ta motsa taku biyu, ta tsaya.