Abin da Ya Sauka a Idon Kada

Naira ɗari biyar na biya a bakin Gamji,
ni da Kubura 'yar ƙanwata,
don ta ga kada ya buɗe baki.
Kada kuwa ya ƙi.
Yana kwance gefen ruwansa mai gansakuka
kamar tayar tirela da aka yar a Panteka.
Awa guda muna tsaye, ko wutsiya bai kaɗa ba.

Jimina ta leƙo ta saman waya,
ta yi mana kallon mai bin bashi, ta juya.
Kunkuru ya ƙarar da la'asar ɗinsa
a hanyar zuwa ga ɓawon kankana.
Biri ya karɓi gyaɗa bai ce komai ba.

Sai wani abu rawaya ya sauko,
bai kai faɗin tikitin hannuna ba,
ya zauna daidai kan idon kada.

Malam-buɗe-littafi! in ji Kubura.
Shi kuwa ya buɗe, ya rufe, ya sake buɗewa
kamar ya ji an kira shi.

Iya Morenike mai gasa masara
ta bar fifita wutarta, ta ce labalaba,
ta kuma faɗa, don bakinta ya ji daɗi.
Wani dogo mai baƙin mai a farce
ya ce a garinsu urukurububa ne.
Kubura ta ɗauko kalmar,
harshenta ya yi tuntuɓe a tsakiya,
muka yi dariya, har mai kalmar.

Gidado mai gadi ya ce ba ruwansa
da abin da ba ya cizo, ba ya ɓarna.
Ku tambaye ni buubi masu hana saniya kiwo,
ku tambaye ni babbatti
da suka aske gonar babana a yini ɗaya.
Tata, in ji Iya. Ukpana, in ji dogo.
Fara, in ji Kubura, da yaji da gishiri.

Nan kasuwa ta ci, ba ko kwabo.
Na fito da nawa: gyare, zanzaro, buzuzu,
cinnaka da bai san na gida ba.
Kowa na zazzage aljihun yarintarsa.

Daga wajen kogi sai ga mazari,
ya tsaya cak a iska, yana rawar jiki.
Nan bakina ya mutu.

Kakata Bagwariya ce, daga Kujama.
In tana wanki a rafi takan nuna shi da haɓa,
ta faɗi wani suna gajere,
mai ƙarewa can cikin hanci.
Na ji shi ya fi sau ɗari.
Yau na laluba, na tarar da gurbinsa kawai,
kamar harshe a inda haƙori ya fita.

Na je wurin Baba Shekwolo mai ba furanni ruwa.
Ya ajiye tiyo, ya daɗe yana kallon abin.
Leɓensa ya motsa.
Sai ya yi 'yar dariya, ya ce, mazari.
Ya ce bari, zai tambayi yayarsa in ya je gida,
in ya same ta da sauran ji.
Ruwan tiyo na ta cika masa takalmi.

Muna can baya ya ba wa tafki,
aka ce kada ya yi hamma,
baki har maƙogwaro.
Gidado kaɗai ya gani.

A cikin keke, wajen gadar Kaduna,
Kubura na ta jera ganimarta a yatsu,
labalaba, babbatti, uru... uruku...
Ta tsaya a ɗan yatsa na huɗu, ta dube ni.
Kawu, na Kaka fa?

Na ce riƙe wannan yatsan tukuna.
Har muka sauka a Tudun Wada
bai lanƙwashe ba.