Sikelin Baba

A bayan tsohon gidan gurzar auduga na Gombe
nake koyar da tarihi, ran Laraba, bayan tara.
Rabin tagogin ajin ba ƙyaure.
Nan Baba ya yi shekara talatin yana awo,
ya bar mana tari da sikeli mai tsatsa.

Yau na ja layi a allo,
Arewa a sama, Kudu a ƙasa.
Yara suka tuntsire: wai Malam ya zana Najeriya.
Na ce a'a, Amurka ce, da can,
inda 'yan ɗaki guda suka ja dāga
kan ko mutum zai iya mallakar mutum
kamar yadda ake ɗaure tunkiya a turke.
Auduga ce a gindin maganar, na ce,
irin wadda kakanninku suka kai wa Baba a kan jaki.

Na ba su labarin Antitam,
gonar masara da harsashi ya girbe kafin hantsi,
kara da saurayi suka kwanta a kunya ɗaya.
Na ba su Getisbag, kwana uku cur,
har ƙasa ta gaji da karɓa.
Ba wanda ya motsa. Ko Hajjo ta daina taunar biro.

Sai na zo kan baƙaƙen da suka sa kaki
don su ƙwaci wuyansu da hannunsu.
Fari, dala goma sha uku a wata.
Baƙi, goma, a zare uku kuɗin riga.
Jungudo, wanda ubansa ke faci a Tashar Dukku,
ya ƙirga a yatsu, ya ɗago kai:
"Malam, to harsashin ma
ragi yake yi musu?"

Ban da amsa.
Na tuna wani littafi a ɗakin karatunmu,
gara ta ci bangon, ba a san mai shi ba.
Akwai baƙin mutum a ciki.
Shi ke riƙe linzami, shi ke kawo ruwa,
shi ke washe baki in maigida ya yi raha.
Shafi ɗari uku na bi shi
ina neman sunan uwarsa, ko abin da yake ci da dare.
Marubucin ya san launin dokin,
ya san inda ƙofar lambu ke ƙara.
Wannan kuwa bai tambaya ba.

An gama yaƙin, na ce musu, an tsinke sarƙa.
Sai aka koma raba famfo,
raba benci, raba ƙofa, raba makabarta.
An kashe maciji, kan na nan cikin ciyawa.

Baba kan ce sikeli ba ya ƙarya,
a dai duba babban yatsan mai awo.

Aka kaɗa ƙararrawa.
Ina kakkaɓe alli, na jiyo su bakin randa.
Muryar Hajjo ce, wadda ɗazu idonta ya cicciko
saboda samarin gonar masara:
"Ajiye min moɗata, Talatuwa.
Inna ta ce ku asalinku bayin gidanmu ne."
Ba da faɗa ba.
Kamar mai tambayar ƙarfe nawa.

Talatuwa ta ajiye.
Ta goge bakin moɗar da gefen hijabinta tukuna.

Na tsaya a ƙofa, hannuna fari fat.
Na san maganar nan. A tsakar gidanmu na fara jin ta,
daga bakin da ya yi min tatsuniya,
kuma na ci tuwona a ranar, har na nemi ƙari.

Taswirar na nan a allo, ban share ba.
Layin tsakiya ya ɗan karkace.
Na kira sunan Hajjo,
ta juyo tana murmushi,
ni kuwa ban riga na san
ta inda zan fara ba.