Dutsen Tokare Ƙofa

Shekara talatin yana tokare ƙofar Baba Mato,
dunƙule mai launin toka,
da tsatsa a gefe kamar bakin tsohuwar fartanya.
Kaji sun yi masa kashi.
Mun fasa ƙwallon goriba a kansa.
Ya taɓa cire mini farce, na zage shi.

Daga ramin kuza na Riruwai ya fito,
ba can ƙasa ba, inda arziki ke kwance,
sama-sama, inda ruwan damina ke tsiyaya
yana cin ƙarfe a hankali,
iska na taya shi, har jijiyar dutse ta ruɓe.
Masu awo suka ce tarkace ne,
ko sisi ba ya yi a sikeli.
Baba ya jefa shi aljihu.
Da aka tambaye shi dalili, ya ce,
"Ya yi mini daidai hannu."

Daren sadakar bakwai
Sagiru na ƙirga kuɗin gaisuwa a kan tabarma
da 'yar fitilar shagonsa,
mai shuɗin hasken nan da ke tona asirin jabu.
Ta suɓuce, ta gangara bakin ƙofa.

Sai dutsen ya kama.

Kore, ba na ganye ba, ba na tsanwa ba,
koren da ba mu da sunansa a gidan nan,
jijiya-jijiya, kamar ramukan da Baba ya bi da rarrafe,
da ɗigon ja biyu
irin garwashin da aka manta a murhu.
Inna Tasalla ta ja da baya tana neman tsari,
can ta matso, ta durƙusa.

Washegari malamin kimiyya ya juya shi a tafi,
ya faɗi wani dogon suna.
Ya ce tutiya ce da ruwa da iska da daɗewa,
ya ce irinsa ba yawa, a birni za a saya.

Ban ji rabin maganarsa ba.
Ina tuna mai tarin nan na asuba,
mai gajeriyar amsa,
wanda muka duba da hasken rana kaɗai
muka ce mun gama saninsa.

Mun mayar da shi wurinsa,
ƙofar ba ta tsayuwa sai da shi.
Wani daren nakan ari fitilar.
Sagiru ya ce batir ya yi tsada,
amma yakan biyo ni.