Tiya da Iks

An ɗauke wuta tun magariba.
Cima ta shimfiɗa kayenta bisa buhun gero,
tocila a hammata, bik a baki,
ni kuwa ina ɗaure cinikin yau da roba.

Ta ce, Baba, saurara:
mota ta tashi daga Maraɗi za ta Tasawa,
kilo ɗari da ashirin,
tana cin sittin a kowace awa.
Yaushe za ta isa?

Na ce, motar wa?
In ta Ɗan Jimma ce, sai gobe da hantsi.
An lissafa jandarma? An lissafa faci?
Da tsohuwar da za a sauke Gazawa
da akuyarta da ƙullin kuka?
Ta yi dariya har haske ya kauce daga layi.
Ta rubuta awa biyu.
Hanyar cikin littafi ba ta da rami,
direbanta ba ya tsayawa sallar la'asar.

Sai ta juya shafi.
Buhu jaka ashirin, ya hau ashirin bisa ɗari,
ya sake sauka ashirin bisa ɗari.
Ta ce, wannan banza ne, ya koma gidansa.
Na ce, kul.
Wanda ya hau bishiya da nauyi guda
ba da shi yake saukowa ba.
Jaka goma sha tara da dala arba'in.

Ta yi shiru, ta cika gefen takarda da baƙi,
ta soke, ta sake,
sauro na cin ƙafarta ba ta ji ba.
Can ta ɗago: goma sha tara da ɗari biyu.
Muka tsaya gardama kamar ƴan canjin Ɗan Isa,
ita da tamma, ni da dala,
ashe rijiya guda muke ja, guga ne daban.

Na ƙarshe shi ya kayar da ni.
Wani harafi mai kama da ƙafar tsani,
ta ce sunansa iks, ba a san shi ba.
Uku nasa, a ƙara biyar, ya ba ashirin da shida.
Na ce, ni ba na ba baƙo bashi
sai na san unguwarsu.
Ta ce, Mushe Ranau ya ce sikeli ne:
abin da ka ɗebe dama, ɗebe shi hagu.
Ta ɗebe biyar nan, ta ɗebe biyar can,
ta raba saura gida uku,
baƙo ya kware rawani: bakwai.

Shekara talatin ina awo a babbar kasuwa.
Na san tiyar da aka buga wa gindi,
na san hannun da ke toro in zai saya,
ya shafe baki in zai sayar.
Ban taɓa jin an sa wa adalci lamba ba
sai daren nan, bakin yarinya ƴar sha huɗu.

Wuta ta dawo, fanka ta yi tari.
Ta rufe kaye, ta ce saura bakwai gobe.
Na ce, ki zo da su rumfa.
Akwai wani bashin Alhaji Nomau
da na kasa gane kansa tun kaka.